Gwajin kansa da ɗigon jini irin na suga: amsa ga 'yar uwa daga Talata Mafara

"Salamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti nan Talata Mafara. Innarmu ta rasu shekara 4 da suka wuce da kansar mama, ba a gano ba sai da abin ya ci ƙarfi. Yanzu kuma Yayata ta ji ƙullutu a mamanta na hagu, wata 2 kenan, likita ya ce a ciri ɗan nama a auna amma ta ƙiya, wai daji bai son ƙarfe. To na ji ana maganar wata na'ura awa ta awon suga, ɗigon jini kawai za a sa ta nuna in akwai kansa, wai wani abu take nema cikin jini da ake ce ma maikro-RNA. Dan Allah gaskiya ne? Ina ake samunta? Ko mu jira ta Yaya ta huta da yanka?"

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya jiƙan Inna ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ita kuma Yaya Allah ya ba ta lafiya. In na fahimce ki abu uku kike tambaya, ko na'urar nan akwai ta, ko za ta iya gaya muku abin da ke cikin maman Yaya, sannan ko ku dakata da maganar cirar nama har ta samu. Bari in fara da na ƙarshen don shi ne bai jira: kada ku jira ta. Na'urar gaskiya ce, ni kaina na yi shekaru ina haɗa irinta a lab, amma har yanzu a ɗakin bincike take, ba ta shiga cikin gwaje-gwajen da asibiti ke yi ma maras lafiya ba, ba a Gusau ba, ba a Abuja ba, ba a Landan ba. Zan yi miki bayanin dalili dalla-dalla tunda ke ma'aikaciyar lafiya ce kuma ke za ki zauna da Yaya ki fahimtar da ita. Amma ki sani ni malamin kemistiri ne, aikina na'urorin awo, ba likita ba ne, abin da ya shafi jikin Yaya maganar likitan da ya duba ta ita ce gaba da tawa.

Shi wanga maikro-RNA mene ne

Kin san kusan kowane tantanin jikinmu na ɗauke da DNA, wato littafin umarni, daga shi ake kwafo saƙo da ake ce ma RNA a kai inda ake ƙera furotin. To maikro-RNA wasu 'yan guntayen saƙo ne ƙanana ƙwarai, harafi wajen 22 kacal, su ba a ƙera komai da su, aikinsu su je su liƙe ma babban saƙon su hana a karanta shi, kamar mai gadin da ke cewa wanga saƙo ya tsaya nan. Victor Ambros da abokan aikinsa suka fara gano na farko a 1993 a jikin wata 'yar tsutsa da ko milimita biyu ba ta kai ba, mutane suka ɗauka abin tsutsa ne kawai, sai a 2000 Gary Ruvkun ya gano wani mai suna let-7 kuma aka ga har jikin ɗan Adam akwai shi. Su biyun aka ba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2024, ina jin ma daga lokacin maganar ta fara yawo a rediyo da wayoyi har ta iso gare ki. Yanzu an lissafa sama da 2,000 a jikin mutum.

Alaƙarsu da kansa ta fito a 2002, lokacin da George Calin da Carlo Croce a Amurka suka ga wasu maikro-RNA biyu, miR-15 da miR-16, sun ɓace ko sun ragu a yawancin masu wata irin kansar jini. Daga nan aka yi ta ganowa, wasu in sun ragu kansa ta samu hanya, wasu kuma in sun yi yawa ne suke danne furotin ɗin da ke taka ma tantani birki. Wanda ya fi suna shi ne miR-21, yana hauhawa a kansar mama da ta huhu da ta hanji da ta hanta. Sai a 2008 aka nuna cewa waɗannan 'yan guntaye suna yawo a ruwan jini kuma ba su saurin lalacewa, alhali RNA tsirara in ka zuba shi a jini nan take ake cinye shi. Abin da ke kare su shi ne wasu na lulluɓe cikin 'yan ƙananan jakunkuna da tantani ke fitarwa, wasu kuma na manne da wani furotin. A nan ne kowa ya ce to ai shi kenan, maimakon a yanki nama a ɗebi jini mana.

Yadda na'urar ke aiki

Kin riga kin san kakan wannan na'ura, shi ne mitar sugan da ke teburinki. Tunanin ya faro daga Leland Clark a 1962: ka ɗora wani abu mai gane abin da kake nema a kan farantin da ke ɗaukar lantarki, in sun haɗu lantarkin ya canza, ka auna canjin ka mai da shi lamba. Mu nan Zamfara ma mun ga amfanin irin wagga na'ura da idonmu. Lokacin gubar dalma ta 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da 'Yargalma da Bagega, inda yara wajen 400 suka rasu, 'yar ƙaramar na'urar LeadCare II da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka riƙa auna jinin yara da ita ta lantarki ce, ɗan jini kaɗan, minti 3 sakamako ya fito, a cikin ƙauye ba tare da an kai jini birni ba. Iyakar abin da take karantawa 65 ne, yara da yawa sun wuce nan sai an tsarma jinin kafin a san adadin. Wallahi duk lokacin da na tuna yaran nan nakan ƙara yarda cewa na'urar da za ta je inda mutane suke ta fi wadda mutane za su yi tafiyar kwana su same ta, shi ya sa ma na shiga wanga fanni.

Na maikro-RNA ga yadda ake yinsa. Ana ɗaukar ɗan tsinke mai fuskar zinare, a dasa masa gajerun zaren DNA da aka ƙera a lab, haruffansu kishiyar na wanda ake nema ne daidai, kamar makulli da kwaɗonsa. A gindin kowane zare ana sa ƙwayar farar wuta, don farar wuta da zinare suna kama juna gam, ita ce ke riƙe zaren a tsaye. A ɗaya bakin kuma sai a rataya wani shuɗin rini da ke iya miƙa ma zinaren lantarki. Zaren a naɗe yake kamar an lanƙwasa tsinken tsintsiya, don haka rinin na kusa da zinare, lantarki na wucewa sosai. In miR-21 ya zo ya kama zaren sai ya miƙar da shi, rinin ya yi nisa, lantarkin ya faɗi. Gwargwadon faɗuwar gwargwadon yawan abin da ke cikin jinin. Akwatin da ke karantawa yanzu akwai wanda bai fi akwatin ashana biyu ba, a waya ake jona shi. In kin gwada da PCR, wanda shi ne hanyar da aka dogara da ita wajen auna maikro-RNA, mai son inji mai tsada da wuta tsayayya da ƙwararren ma'aikaci da sinadaran da ba su barin firiza, kin ga dalilin da ya sa muke kwaɗayin tsinken.

Wahala ta farko ita ce ƙanƙanta. Suga a jini yawa gare shi, shi kuwa maikro-RNA in sugan jininki gero ne cike da babbar mota, shi bai fi ƙwaya ɗaya ba, wani lokacin ma ko hakan bai kai ba. Don haka dole a yi dabarar ƙara masa murya. Wasu na barbaɗa 'yan ƙwayoyin zinare a fuskar tsinken don wurin kamawa ya ƙaru, wasu na sa zaren da in guda ya kama sai ya jawo wasu su yi ta sarƙewa. Wadda ta fi burge ni ita ce ta wani inzayim, wato furotin mai aikin datsa, da aka samo daga ƙaguwar tekun Kamchatka a Rasha, shi in ya ga DNA ya rungumi RNA sai ya daddatse DNA ɗin ya saki RNA lafiya lau, shi kuma ya je ya kama wani zaren, a sake datsewa, haka haka ƙwaya ɗaya ta yi aikin ɗaruruwa. Da irin waɗannan dabaru maganar ƙanƙanta kusan an ci ƙarfinta a lab.

Inda gizo ke saƙa

Abin da takardun bincike ba su cika faɗa da ƙarfi ba shi ne yawancin sakamakon nan masu kyau a ruwan gishiri mai tsabta aka same su, wanda mai binciken da kansa ya zuba ma maikro-RNA na roba da ya saya. Ni ma haka na fara, layin sakamako ya fito tsaf har na kira malamina ya gani. Ranar da na sa ruwan jinin mutum na gaske sai komai ya rikice, furotin ɗin jini ya bi ya lulluɓe fuskar zinaren kamar yadda maiƙo ke kama kwano, lantarki ya faɗi ko da babu miR-21 ko ɗaya a ciki, wato na'ura na cewa akwai alhali babu. Wata 5 na yi ina neman abin da zan shafe fuskar da shi. Kuma tsinke goma da na haɗa rana ɗaya da hannuna, in na sa musu abu ɗaya ba su ba ni lamba ɗaya. Ga zufa, a fatar hannunmu akwai inzayim mai cinye RNA, taɓawa ɗaya ba safar hannu aikin sati ya tafi. Da na dawo gida na gwada ci gaba sai ga zafin watan Afrilu da ke wuce 40, ga ƙurar hunturu, ga wutar da ke ɗaukewa firij ya huce, shi kuma kamun da zare ke yi ma abokinsa da zafi yake tafiya, ga dangin let-7 da harafi ɗaya ko biyu ne ya raba wasunsu, zafi ya ɗan canza sai zare ya kama ɗan uwan wanda aka aike shi nema. Ba na cewa ba za a magance ba, mitar suga ma ta sha irin wannan kafin ta zama abin da take yau, kuma iyakar aikina kenan, ban taɓa gwada tsinkena a kan jinin masu kansa ba balle in ce ga yadda zai yi.

Amma a ganina babbar matsalar ba ta na'ura ba ce, ta ma'anar lambar ce. In mitar suga ta nuna 20 kin san abin da ake ciki. In tsinke ya nuna miR-21 ya hau fa? Yana hawa a kansar mama, yana hawa a ta hanji, yana hawa a ciwon zuciya da na ƙoda da kumburi iri-iri da ba su da alaƙa da kansa. Bai gaya miki inda abin yake ba, bai gaya miki ko kansa ce ba. Sannan mafi yawan maikro-RNA da ke yawo a jini ba daga ƙari suke fitowa ba, daga ƙwayoyin jinin ne kansu. Jajayen ƙwayoyin jini cike suke da miR-451 da miR-16, in suka fashe sai su zubar da su a ruwan jini lissafi ya lalace, shi ya sa a lab in muka ga ruwan jini ya yi ja-ja ba ma amfani da shi. To Malama ke da kanki ki duba rajistar asibitinku, mutum nawa ke zuwa da maleriya a damina, nawa ne masu sikila, duka biyun fasa jajayen ƙwayoyi suke yi a cikin jiki tun kafin allura ta shiga. Ga masu ciwon hanta nau'in B da muke da su da yawa, shi kuma miR-122 na hanta ne, da hanta ta ɗan ji rauni yake malalowa jini ko babu kansa. Yawancin binciken da aka yi a China da Turai da Amurka aka yi shi, a jinin mutanen da ba su san zazzaɓin damina ba. Lambar da aka yanke a can aka ce daga nan akwai matsala, ba za a ɗauko ta a ɗora ma matar Mafara ko ta Argungu haka kawai ba, sai an auna namu jinin, masu kansa da marasa ita, masu sikila da masu maleriya, an ga inda tamu lambar ta tsaya. Wannan aikin jami'o'inmu na Gusau da Aliero da Birnin Kebbi da asibitocinmu ne ya kamata su sa hannu a ciki tun yanzu, in ba haka ba ranar da na'urar ta fito za a kawo muna abin da ba a auna da mu ba.

Bari in ba ki misali da lissafi, lambobin nawa ne na misali kawai. A ce mata 10,000 aka gwada, 50 cikinsu na da kansar mama, na'urar kuma tana daidai sau 9 cikin 10 ta kowane ɓangare, wanda in an samu haka murna za a yi. Za ta kama 45 ta saki 5 su tafi gida da kansa an ce musu lafiyarsu lau. Cikin 9,950 masu lafiya kuma za ta ce ma 995 akwai matsala. Kin ga mata sama da dubu sun shiga tashin hankali, sun sai da akuya da gero sun nufi Sakkwato, alhali 45 ne kawai ke da ciwon. Kuma su ɗin ma duka sai an dawo an yi hoto an ciri nama kafin a tabbatar. Wato ko ranar da na'urar ta fito, aikinta ta nuna wa ya kamata a bincika, ba za ta maye gurbin cirar nama ga wadda ƙullutu ya riga ya fito mata ba. Inda maikro-RNA ya fi nuna alamar nasara zuwa yanzu shi ne kansar 'ya'yan maraina, da wani mai suna miR-371a-3p, don shi kusan ƙarin ne kaɗai ke fitar da shi da yawa, kuma shi ma da PCR ake auna shi a babban lab.

Don haka in wani ya zo Mafara da akwati ko kwamfuta ya ce a riƙe wani ƙarfe ko a ba da ɗigon jini zai faɗi ko akwai kansa a biya shi, kada ku ba shi ko sisi, ki kuma gaya ma matan da ke zuwa awo wurinki. Na ga matar da irin wanga gwaji ya ce mata ba ta da komai ta koma gida ta zauna wata 8, abin har yau yana ci mani rai.

Maganar Yaya

Ki fara gaya mata cewa yawancin ƙullutun mama ba kansa ba ne, akwai na ruwa, akwai na tsoka mai yawo da 'yan mata da matasan mata ke yawan samu, amma hannu bai iya rabewa, ido ma bai iyawa, sai an sa naman a madubin lab. Kuma tunda Inna ta yi, nata ƙullutun ba na sakaci ba ne. Cirar naman nan ma sau da yawa ba yanka ba ce yadda take zato, allura ce ake sawa bayan an kashe wurin, a ɗauko ɗan abu kamar zaren taliya, ta koma gida ranar.

Maganar daji bai son ƙarfe kuwa na san inda ta samo asali kuma ba na raina masu faɗinta, don abin da suka gani ne. Mace ta ɓoye ciwo shekara guda ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai ya fashe ya bazu sannan a kai ta asibiti, a taɓa, bayan wata biyu ta rasu, dangi su ce ƙarfe ne. Ciwon ya riga ya yi nisa kafin ƙarfen ya zo. Wataƙila abin da Yaya ta gani ga Inna kenan, kuma tsoronta tsoron wadda ta yi jinyar uwa ne, a bi ta a hankali, a samu wanda take jin nauyinsa, mijinta ko wani kawunku, ya zauna da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da mata 9 cikin 10 masu kansar mama na nan da rai bayan shekara 5, babban abin da ya raba mu da su lokacin zuwa asibiti ne da samun magani. A Najeriya ƙiyasin 2022 ya nuna sabbin masu kansa wajen 127,000 a shekara, mutuwa kusan 80,000, kuma ta mama ce kan gaba.

Ku je FMC Gusau ko asibitin ƙwararru na Yariman Bakura da takardar likitan da ya fara ganinta, ko kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato tunda kuna kan hanya, can ne ma ake gashin kansa da na'ura in an buƙace shi. A yi hoton mama, a duba hammata, a ciri naman, ki karɓi lambar samfurin ki riƙa bibiya da kanki don sakamako kan yi jinkiri in ba mai bi. In ya fito kansa ce ki roƙi a ƙara gwajin da ke nuna ko irin mai cin homon ce ko mai yawan wani furotin da ake ce ma HER2, don maganin kowace daban ne. Ke ma Malama ɗiyar Inna ce, ranar da kika raka Yaya ki ce likitan ya duba ki, ki gaya masa shekarun Inna lokacin da ciwon ya kama ta, shi zai faɗa miki lokacin da ya kamata ki fara hoto. In sakamakon ya fito akwai kalmar da ba ki gane ba ki turo mani, abin da na sani in faɗa miki, sauran ki kai ma likitanta.